Yadda Ake Zaga Birnin Faris a Kwana Shida, a Ci Abinci Hankali Kwance

Ranar da na fara sauka a Faris, wato Paris kamar yadda za ka gani a tikitinka, sai da na kai ƙarfe uku da rabi na rana kafin yunwa ta tuna mini ban karya ba. Na shiga gidan abinci na farko, mai hidima ya girgiza kai ya nuna mini agogon hannunsa. Na biyu ma haka. An kashe murhu, sai kuma bakwai da rabi na dare. Ƙarshe dai da burodi da ayaba na zauna a kan wani benci ina kallon tantabaru. Ga kuɗi a aljihu, ga gidajen abinci jere har ƙarshen titi, amma lokaci ya wuce ni. Komai a garin nan da sa'arsa: abinci, gidan tarihi, jirgin ƙasa, har tikitin hawa hasumiya. Wanda ya san wannan tun daga gida zai more tafiyarsa ko da guzurinsa bai taka kara ya karya ba.

Mataki na 1: Biza da kaya, tun kana gida

Bizar da za ka nema ita ce ta Schengen, wadda ake shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai da ita. Ana cike takardar a shafin France-Visas, sannan ka kama rana a cibiyar karɓar takardu don ɗaukar hoton yatsu. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata 6 tafiya, kuma kada ka bari ya gaza kwana 15. Ni dai shawarata wata 2 zuwa 3, domin samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci. Kuɗin biza na babba yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanin asusun banki, da fasfo wanda zai ƙara aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarka. 'Yan'uwa na Nijar su lura cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka su fara bincika inda za su miƙa takardunsu kafin su biya kuɗin jirgi.

Wajen haɗa kaya, ajiye kilishi da dambun nama da man shanu a gida. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, kuma idan aka buɗe jaka aka gani, kwandon shara za su tafi kana kallo. Abin da zai amfane ka shi ne ɗan ƙullin yaji, domin girkin Faransawa ba ya san barkono. Sa takalmin da ka riga ka saba da shi, ba sabo ba. Sayi abin haɗa caja mai ƙafa biyu zagayayyu, domin soket ɗinsu ba ya karɓar mai ƙafa uku na Najeriya, ko da yake mutanen Nijar tasu ta yi daidai. Ka kuma tanadi 'yar gorar roba da za ta zame maka buta, don ba za ka tarar da ita a banɗakin otal ba. Idan tsabar kuɗin da ke hannunka ta kai yuro 10,000, wajibi ne ka bayyana wa kwastan.

Mata su san wannan tun da wuri: hijabi da abaya babu mai hana ki a titi ko gidan tarihi ko gidan abinci, amma niƙabi mai rufe fuska doka ta hana a bainar jama'a tun 2011, kuma akwai tara.

Mataki na 2: Sayi tikitin manyan wurare kafin ka tashi

Gidan tarihin Louvre, hasumiyar Eiffel da fadar Versailles duk suna sayar da tikiti ta intanet mai ɗauke da rana da sa'a. Ka saya daga shafinsu na ainihi, ba na 'yan kamasho da ke fitowa a saman sakamakon bincike ba. Kafin ka zaɓi rana, haddace wannan: Louvre ba ya buɗewa ran Talata. Versailles da gidajen tarihin Orsay da quai Branly kuwa Litinin suke hutu. Mutane da yawa sun yi asarar wuni guda a kan wannan 'yar magana.

Mataki na 3: Daga filin jirgi zuwa masauki

Jirgi kai tsaye daga Abuja ko Legas kamar awa 6 ne, kuma a filin Charles de Gaulle yake sauka. Daga nan hanya biyu ce. Jirgin ƙasa na RER B zai kai ka tashar Gare du Nord cikin kusan minti 35. Tasi kuwa farashinta a yanke yake: a 2025 yuro 56 ne zuwa ɓangaren arewacin kogin Seine da ya ratsa birnin, 65 zuwa na kudu. Bi alamar tasi har layin hukuma. Duk wanda ya tare ka a cikin zaure yana cewa yana da mota, wuce shi.

Idan ka sauka Litinin ko Talata, nemi katin Navigo Découverte na mako a tagar tashar jirgin ƙasa da ke filin jirgin. Katin kansa yuro 5, kuɗin mako yuro 31.60 a 2025, kuma za ka manna masa ƙaramin hotonka, don haka taho da ɗaya. Da shi za ka hau metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, da RER, ka je Versailles, ka koma filin jirgi, ba ƙarin ko sisi. Sai dai makonsu daga Litinin ne zuwa Lahadi, ba daga ranar da ka saya ba. Wanda ya zo ƙarshen mako gara ya sayi Navigo Easy na yuro 2 ya riƙa zuba masa tikiti, kowane hawan metro yuro 2.50 a farashin 2025. Kowa da katinsa, miji da mata ba sa wucewa da guda. Kuma ko ƙofa a buɗe take, ka taɓa katinka a na'ura, domin masu bincike kan tsaya a lungun tasha, ba sa jin "ni baƙo ne".

Birnin an raba shi gundumomi 20 da suka nannaɗe daga tsakiya kamar bayan dodon koɗi. Lambobi biyu na ƙarshen adireshi su ne gundumar: 75005 ta biyar ke nan, inda Babban Masallaci yake. Wajen zaɓen masauki, kusancin tashar metro ya fi kusancin hasumiya amfani. Ɗakunan ƙanana ne, kada ka yi mamaki idan da ƙyar ka samu wurin shimfiɗa sallaya tsakanin gado da bango. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba, sai ka duba manhajar wayarka.

Mataki na 4: Raba kwanakin, babban wuri ɗaya a wuni

Litinin, ranar sauka, kada ka matsa wa kanka. Huta, da yamma ka hau metro zuwa Trocadéro. Kana fitowa ka zagaya kwana, sai ga hasumiyar Eiffel a gabanka gaba ɗayanta, mita 330, tana tsaye tun 1889. Idan duhu ya yi, a farkon kowace awa fitilunta kan yi ƙyalƙyali na minti 5. Mai ƙarfin gwiwa ya sayi tikitin matakala, 674 ne zuwa hawa na biyu, ya fi arha kuma layinsa ya fi gajarta. A ganina ma daga hawa na biyu aka fi gane gari, domin daga ƙololuwa komai ya koma kamar taswira. Daga nan ka gangara bakin kogin Seine ka shiga jirgin ruwan yawo na awa guda, ka ga rabin abin da za ka ziyarta a mako kana zaune.

Talata ka ba gidan tarihin quai Branly, 'yar tafiya kaɗan daga hasumiyar. An buɗe shi a 2006, ya tara kayan Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi, kuma a cikin tarinsa har da sassaƙen yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna. Daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan tarihi 26 a 2021. Mutum zai fito yana sha'awa, yana kuma tambayar kansa yadda wasu kayan suka ƙetare teku. Da la'asar ka nufi Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihi da ke tsakiyar wani shataletale. Kada ka kuskura ka tsallaka shataletalen da ƙafa, tituna 12 ne ke zuba motoci a cikinsa. Akwai hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Titin Champs-Élysées ka bi shi don kallo, amma kada ka ci abinci a kansa, kuɗin wurin zama za ka biya.

Laraba ta Louvre ce, domin ranar da kuma Juma'a yana kaiwa ƙarfe 9 na dare. Tun Janairun 2026 wanda ba mazaunin Turai ba yuro 32 yake biya, yara 'yan ƙasa da 18 kyauta. Kada ka ce sai ka ga komai, ba mai iyawa. Zaɓi abu uku ko huɗu. Mona Lisa, shahararren zanen wata mata, tana ɓangaren ginin da ake kira Denon, kuma gara in gaya maka tun yanzu: ƙarama ce, tana bayan gilashi, tsakaninka da ita dandazon mutane ne kowa ya ɗaga waya. Gan ta ka fita. Inda na fi daɗewa shi ne sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, mai rufi kamar mayafin zinariya da iska ta ɗaga. Ga tasoshin tagulla na zamanin Mamluk, ga akwatunan hauren giwa na Andalus, ga rubutun Larabci a kan tangaran, kuma ba cunkoso. Sai dutsen dokokin Hammurabi na Babila, da kayan Fir'aunonin Masar.

Alhamis ka hau RER C zuwa tashar Versailles Château Rive Gauche, ka isa kafin motocin 'yan yawon buɗe ido. Sarki Louis na 14 ya mayar da fadarsa nan a 1682. A zauren madubai, mai madubi 357, aka sa hannu kan yarjejeniyar 1919 da ta ƙwace Kamaru da Togo daga hannun Jamus. Tafi da guzurinka, domin lambun faɗi gare shi kuma abincin ciki tsada.

Juma'a ita ce ranar da na fi so. Fara da cocin Notre-Dame, wadda ta ƙone a Afrilun 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024, shiga kyauta ne. Daga nan ka taka a ƙasa zuwa Babban Masallacin Faris, ko ka sauka a tashar Place Monge a layi na 7. An buɗe shi a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi na ƙasashen da Faransa ta mallaka waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33, gininsa irin na Maroko, da tsakar gida mai korayen tayil da maɓuɓɓugar ruwa. Je da wuri, domin cika yake yi, kuma ba a yarda a yi sahu a kan titi ba. Bayan an sallame ka zagaya ta bayan ginin, akwai wurin shan shayi a ƙarƙashin bishiyoyi. Mai hidima na yawo da faranti cike da ƙananan kofunan gilashi na shayin na'ana'a mai zafi da zaƙi, ka ɗaga hannu ya ajiye maka ka biya nan take, tsuntsaye kuma na sauka a gefen teburinka suna jiran ɓarɓashin alkaki. Tsallaken titi lambun Jardin des Plantes ne, wurin miƙe ƙafa.

Asabar da safe ka hau tudun Montmartre ka kalli gari daga gaban cocin Sacré-Cœur. A gindin matakalar akwai samari masu zare a hannu, suna kiran ka ɗan'uwa. Da ka miƙa hannu sun ɗaura maka sun nemi kuɗi. Sa hannunka a aljihu ka wuce. Haka 'yan mata masu takardar neman sa hannu, da masu cacar kofi uku a ƙasa. A metro kuma jakarka ta dawo gaba, waya kada ta kwana a aljihun baya. Daga tudun ka gangaro gabas zuwa Château Rouge, inda za ka ji kamar ka sauka a wata kasuwar Afirka ta Yamma: kuɓewa, doya, manja, busasshen kifi, atamfa, da mahauta na halal.

Mataki na 5: Cin abinci

Kafin komai, gaisuwa. Duk shagon da ka shiga, ko na burodi ne, ka ce "bonjour" kafin ka buɗe baki da buƙata, da dare kuma "bonsoir". Mu da ba ma shiga zaure ba sallama bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Yawancin labarin da ake yi cewa mutanen Faris ba su da fara'a, daga rashin wannan kalma yake farawa. Bayan gaisuwa ka tsaya a nuna maka tebur, kada ka zaɓa da kanka.

Abincin rana daga 12 ne zuwa wajen 2 da rabi, na dare daga 7 da rabi. Idan lokaci ya kuɓuce maka, nemi inda aka rubuta "service continu", su ba sa kashe wuta. Dabarar mai tattali ita ce ya yi babban cinsa da rana, lokacin da ake rubuta "formule" a allon bakin ƙofa: kwano biyu ko uku a farashi ɗaya, ƙasa da abin da za a caje ka da dare. "Plat du jour" shi ne girkin ranar, kuma galibi shi ya fi sabunta. Ruwa kada ka saya. Ce "une carafe d'eau", za a kawo maka tulun ruwan famfo kyauta, burodin kan tebur ma kyauta ne. Ladan hidima yana cikin farashi, idan ka ji daɗi ka bar yuro ɗaya ko biyu. Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, ka ce "l'addition". Na taɓa zama minti 40 ina jira ina ƙuluwa, ashe su a wurinsu kawo wa baƙo takarda bai tambaya ba kamar korarsa ne.

Sai maganar halal, wadda ita ce ta fi damun yawancinmu. Rubuta waɗannan kalmomi a wayarka, duk alade ne: porc, jambon, lardons, lard, saucisson, charcuterie. Wanda ya fi yaudara shi ne lardons, 'yan gutsattsarin naman alade da ake barbaɗawa a salak da ƙwai da taliya ba tare da sunan abincin ya nuna ba. Croque-monsieur da quiche lorraine, waɗanda ke cika gilashin kowane shagon burodi, da alade ake yin su. Giya kuma ta shiga tukunya sosai: bœuf bourguignon da coq au vin da jar giya ake dafa su, moules marinières da fara, baba au rhum sunansa ma ya faɗa. Tambaya biyu za ka riƙe, "sans porc?" da "sans alcool?", wato ba alade, ba giya. Amma ka sani rashin alade ba ya nufin an yanka naman. A gidan abincin Faransawa na gama-gari, mafita ita ce kifi, "poisson", ko ƙwai, ko abincin ganye. A irin gidajen nan masu arha da ake kira bouillon, kamar Chartier da ke aiki tun 1896, za ka samu kifi da dankali da dafaffen ƙwai, mai hidima yana rubuta lissafinka a kan takardar da aka shimfiɗa a tebur.

Naman halal kuwa ba wahalar samu yake ba idan ka san unguwa. Barbès, Château Rouge, Belleville da kewayen Gare du Nord cike suke da shi, kuma wasu shagunan na manna shaidar hukumar tantancewa irin su AVS a gilashi. Ci kuskus na mutanen Aljeriya da Maroko, da romonsa da tsiren merguez, ka nemi harissa idan kana son yaji. Ci tajin na rago da busassun 'ya'yan itace a gidan abincin masallaci. Gidajen 'yan Senegal da Mali na da yassa, kaza cikin albasa da lemon tsami, da mafe wanda ɗan'uwan miyar gyaɗarmu ne, da cebujen, dafa-dukan shinkafa da kifi. A lungun Passage Brady akwai biryani na 'yan Indiya da Pakistan. Idan sauri kake, shawarmar da suke kira "grec" tana ko'ina. A titin Rosiers kuma akwai falafel, wanda ba nama a ciki, kusan ƙosai ne a cikin burodi, sai dai wasu shagunan ba sa buɗewa ran Asabar.

Idan ka samu gidan halal mai gasa nama irin na Faransawa, ce "bien cuit". In ba haka ba za a kawo maka shi da ja a tsakiya. Abin da aka rubuta "tartare" kuwa ɗanye ne, ba a kai shi wuta ba sam.

Karin kumallo kada ka biya na otal. Sauka shagon burodi na unguwa ka ce "une tradition", sandar burodi ce mai ɓawo, ba ta kai yuro 2 ba, sau da yawa da ɗuminta. Haɗa da croissant na man shanu. Kofi a tsaye a kanta ya fi arha a kan na zaune a waje, kuma idan ka ce "un café" ɗan mitsitsin baƙi za a ba ka. Mai madara sunansa "café crème". Abincin dare kuma wani lokaci ka shiga kanti irin Monoprix ko Franprix ka sayi cuku, tumatir, kifin gwangwani da 'ya'yan itace, ka zauna a bakin kogi. Gorarka ka cika ta a korayen famfunan ƙarfe da ake kira Wallace, ruwan sha ne.

Lokacin salla ma sai ka saka shi a lissafin cin abincinka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, ka gama abincin dare kafin magariba. A Disamba kuwa kafin 5 ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, ga sanyi. Agogonsu a hunturu daidai yake da namu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma suna gabanmu da awa 1.

Mataki na 6: Tsaraba da komawa

Idan sayayyarka a shago ɗaya ta haura yuro 100, nuna fasfo ka nemi takardar "détaxe" don a mayar maka da wani kaso na haraji. A filin jirgi ka nemi na'urar da aka rubuta PABLO ka haska takardar kafin ka miƙa jakunkunanka, domin kwastan na iya cewa ka nuna kayan. Turare da duk wani ruwa-ruwa su shiga babbar jaka. Ka bar masauki aƙalla awa 4 kafin tashi. Kuma a Gare du Nord ka ɗaga kai ka duba allo kafin ka shiga RER B, domin layin ya rabu biyu a gaba: wani jirgin filin jirgi za shi, wani kuma Mitry-Claye.